Wiwi a Cikin Tukunya: Fashin Baƙi kan Abincin Tsiro Zalla da Ake Sa wa Kayan Maye

Shin idan aka dafa tabar wiwi a cikin abinci, ta tashi daga kayan maye ta koma ganye kamar zogale da rama? Tambayar da ke yawo ke nan a majalisun samari tun da bidiyoyin wasu masu girki na Amurka da Kanada da Tailan suka fara shigowa wayoyinmu. Za ka ga mai girki da farar riga, ɗakin girki tsaf-tsaf, yana haɗa kek ko miya ko alawa, yana alfahari da abu biyu: babu nama, babu ƙwai, babu madara a ciki, sannan an sa masa wiwi. Saurayin da ya dawo daga ci-rani a Legas ko Abuja ya nuna wa abokansa ranar kasuwar Gujungu, ko a gindin darbejiya a wani ƙauyen Bunkure, sai gardama ta kaure. Wani ya ce ai hayaƙin ne ke cutarwa, in an ci babu komai. Wani ya ce Turawa sun gano magani ce shi ya sa suka halatta. Wani kuma ya ce abin da ya tsiro daga ƙasa, ina laifinsa?

Kowace daga cikin maganganun nan uku tana da ɗan abin da ta jingina da shi, shi ya sa suke shiga kunne. Amma duka ukun sun saki hanya, kuma sakin hanyar ya fi haɗari a ƙauye fiye da birnin da aka ɗauko bidiyon.

Abu biyu ne aka haɗa waje guda

Na farko tsarin cin abinci ne. Kalmar da ake rubutawa a jikin kwalin irin wannan abinci ita ce "vegan", wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiro ta a Ingila a 1944. Masu bin tsarin ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Ba nama da kifi kaɗai ba, har ƙwai da nono da man shanu da zuma. Wasu tausayin dabbobi ne ya sa su, wasu lafiya, wasu kuma damuwa da yadda manyan gonakin kiwo ke gurɓata muhalli.

A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, sunan ne kawai baƙo. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, ɗan wake da man gyaɗa da yaji, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, dambun zogale, ƙosai, awara, kunun tsamiya: gida nawa ne a karkarar Kano da Jigawa ke wuni a kan waɗannan ba tare da ƙwayar nama ta shiga tukunya ba? Bambancin shi ne su sun zaɓa ne da cikakken aljihu, mu kuwa sau da yawa rashi ne ya zaɓar mana. Su suna sayen ƙwayar bitamin B12 su cike giɓi, domin wannan sinadari ba a samun sa isasshe a tsirrai. Yaron ƙauye da ba ya samun nono ko ƙwai ko ɗan kifi ba shi da mai cike masa giɓin. Don haka kada wata uwa ta ga bidiyo ta hana ɗanta kindirmo da sunan wayewa.

Na biyu ita ce wiwi. A cikinta akwai sinadarai fiye da ɗari na dangi guda, amma biyu ne suka yi suna. THC shi ne mai bugarwa, wasu masana a Isra'ila ƙarƙashin Raphael Mechoulam suka tantance shi a 1964. CBD kuwa ba ya bugarwa, kuma shi ne aka fi yin maganar magani a kansa. THC ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Shi ya sa masu wannan girki a can suka saba amfani da man shanu, masu ƙaurace wa kayan dabba kuma suka musanya shi da man tsirrai. Haka alawar roba da ake yi da sinadarin ƙashi da fatar dabba, wani lokaci ma na alade, suka koma yin ta da sinadarin 'ya'yan itatuwa. Iyakar abin da ya canza ke nan. An cire dabba, amma mayen yana nan daram.

A nan ne wani ruɗani ke shigowa. Musulmi da dama da ke zaune a Turai sun saba duba tambarin "vegan" a jikin kaya don su tabbatar babu alade a ciki, har wasu suka ɗauka duk abin da ke ɗauke da shi halal ne. Tambarin kuwa bai yi alkawarin komai ba game da maye. Giya ma daga hatsi da inabi ake yin ta.

Me ya sa ci ya fi sha wahalar shawo kai?

Wannan ne wajen da ya fi buƙatar a tsaya, domin a nan mafi yawan mutane ke kuskure.

Gaskiya ne wanda ya ci bai shaƙi hayaƙi ba, huhunsa ya tsira daga wannan ɓangaren. Sai dai hanyar da sinadarin ke bi a jiki ta canza gaba ɗaya. Mai busawa, hayaƙin na shiga huhu sinadarin ya faɗa jini, cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci ya ji a kansa, bayan awa biyu zuwa huɗu abin ya fara sakin sa. Wanda ya ci kuwa sai abincin ya sauka ciki, ya bi hanji, ya isa hanta. Hanta ta juya wani kaso na THC zuwa wani sinadarin daban mai shiga ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, mai kuma ƙarfin bugu. Wannan tafiya tana ɗaukar minti 30 zuwa awa biyu kafin mutum ya fara jin komai. Buguwar kan kai ƙololuwa ne wajen awa huɗu, tana iya kai wa awa 12, ragowar kasala da jiri kuma su kwana har washegari. Waɗannan alƙaluma na wanda ya ci suna cikin gargaɗin da hukumar lafiya ta Kanada ke yi wa 'yan ƙasarta, wato ƙasar da ta halatta abin.

To ka ƙaddara mutum ya ci yanki guda na kek. Ya zauna minti ashirin, shiru. Ya ce ai ba a sa da yawa ba, ya ƙara na biyu, abokansa na zuga shi ya ƙara na uku. Ya hau babur zai koma gida daga Wudil da yamma. A tsakiyar hanya duka ukun suka taso masa lokaci guda. Mai busawa in ya ji ta yi masa yawa yana iya yar da guntun. Wanda ya haɗiye ba shi da abin yarwa, sai dai ya jira jikinsa ya gama da ita.

Ƙari a kan haka, girkin gida ba shi da ma'auni. Maiƙon ba ya rabuwa daidai a cikin kwaɓi, wani yanki ya fito kusan babu komai, na kusa da shi ya kwashe kaso mafi yawa. Mutum biyu su ci daga faranti ɗaya, ɗaya yana dariya, ɗaya yana ganin mutuwa. Ita kanta wiwin ta yau ba irin ta da ba ce. A Amurka, gwajin da aka yi wa wadda jami'ai suka kama ya nuna matsakaicin THC ɗinta wajen kashi 4 cikin ɗari ne a 1995, ya kai wajen kashi 12 a 2014. Ire-iren da ake shigowa da su Najeriya yanzu da sunaye kamar Loud suna daga cikin masu ƙarfin. Akwai kuma wadda ake kira Kolos, wadda sau da yawa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji ne aka fesa wa ganye, ita kam tana iya kisa.

Alamun wanda ta yi wa yawa sanannu ne: bugun zuciya da sauri, jajayen idanu, bushewar baki, amai, tsoro mai tsanani ba dalili, jin kamar ana bin sa, gane-gane da jiye-jiye. Ga mai ciwon zuciya ko hawan jini wannan ba wasa ba ne. Ga mai juna biyu da mai shayarwa, sinadarin yana ratsa mahaifa, yana kuma fita a ruwan nono. A dogon zango kuwa, wani babban bincike da aka yi a birane da dama na Turai da Birazil aka wallafa a 2019 ya gano masu amfani da ita kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, masu amfani da mai ƙarfin kullum kuma kusan sau biyar. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha ya fi shiga haɗarin kamu. An daɗe ana ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na masu amfani da ita kan kasa dainawa, a cikin waɗanda suka fara da ƙuruciya kuma ɗaya cikin shida.

Ƙasashen da suka halatta, me suka halatta?

Urugwai ce ta fara a 2013. Kanada ta bi a watan Oktoban 2018, amma ba ta bar a sayar da ta ci ba sai bayan shekara guda. A Amurka jihohin Kolorado da Washinton suka buɗe ƙofa da ƙuri'a a 2012, yau kusan rabin jihohin sun bi sahu, alhali dokar tarayyar ƙasar ba ta halatta ta don nishaɗi ba. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne shingen da aka kewaye abin da shi. A jihohin Amurka sai mai shekara 21 ake sayar wa. A Kolorado rabo guda ba ya wuce miligiram 10 na THC. A Kanada kwali gaba ɗayansa ne ba ya wuce miligiram 10, kuma dole ya zama irin wanda yaro ba zai iya buɗewa ba, da gargaɗi ɓaro-ɓaro a jiki. Lardin Kebek ma hana sayar da ita ya yi a siffar alawa da kayan zaƙi, saboda yara.

Duk da wannan shinge, ga abin da ya biyo baya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a farkon 2023 ya duba kiraye-kirayen da aka yi wa cibiyoyin kula da shan guba game da yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin wannan abinci. A 2017 yara 207 ne. A 2021 sun kai 3,054. Kusan ɗaya cikin huɗu sai da aka kwantar a asibiti, kuma mafi yawansu a cikin gidajensu suka tsinci abin. Yaro bai san rubutun gargaɗi ba, zaƙi ya sani. Jikinsa ƙarami ne, abin da zai sa babba jiri shi yana iya kai shi ga dogon suma da sarƙewar numfashi.

Tailan ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yunin 2022, shaguna dubbai suka buɗe, gidajen abinci suka riƙa sa ta a miya da shayi. A watan Yunin 2025 gwamnati ta ja linzami ta ce sai da takardar likita. Shekara uku kacal suka gwada.

Maganar magani kuma tana da tushe, ba za a musa ba. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex, wanda aka tace daga CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar sha'ani. Akwai kuma magungunan da ake ba masu ciwon daji don rage amai. A watan Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar ƙasashen duniya kan ƙwayoyi ta 1961, don a samu damar bincike, amma ta bar ta a cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido sosai. Magani yana da ma'auni, yana da likitan da ya rubuta, yana da cutar da aka rubuta shi dominta. Kek ɗin da wani ya kwaɓa a bayan shago ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Dokarmu

A Najeriya babu wani lungu da doka ta bari. Tun 1966 aka yi dokar soja ta musamman kan wiwi, sannan a 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA. A dokar hukumar, nomawa da sarrafawa da sayarwa suna iya kai mutum ga ɗaurin rai-da-rai, mallaka kuma shekara 15 zuwa 25, ko da yake kotuna kan yanke ƙasa da haka gwargwadon laifi. Dafa ta a abinci sarrafawa ce, sayar da abincin fatauci ne. Ba wa wani ba da saninsa ba kuwa laifi ne na daban a kan wancan.

Kuma abin ya riga ya iso ƙasar. A 2021 NDLEA ta sanar da kama wata ɗalibar jami'a da saurayinta a Abuja bisa zargin sayar da biskit mai wiwi, har ga 'yan makaranta, an kuma yi kamen kek irin wannan a Jos a shekarar. Binciken ƙasa kan shaye-shaye na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Jihar Kano ta tashi da kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan guda. Kasuwa tana nan, sabon salo kawai take jira.

Me malamai suka ce?

Mai cewa hayaƙi ne aka hana bai san tarihin abin ba. A Masar da Sham na ƙarni na 13, lokacin da malamai suka fara rubutu sosai a kan hashisha, wato wiwi, cin ta ake yi, ana murza ta da riɗi ko sukari ko zuma. Busa taba ya zo ne daga baya. A Maroko ma har yau an san wani haɗi na zaƙi da ake yi da ita, a Indiya kuma ana dama ta a madara. Ke nan fatawoyin farko a kan ta ci aka ba da su.

Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke ta daidai da giya, kaɗan ɗinta da mai yawanta haramun, mai cinta a yi masa haddi. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya rarrabe tsakanin abin da ke bugarwa, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sa barci mai gusar da ji da gani. Ya sa hashisha a rukuni na biyu, ya ce horon da alƙali ya ga dama za a yi, ba haddin giya ba. Saɓaninsu a kan nau'in hukunci ne da batun najasa. A kan cin gwargwadon da zai taɓa hankali kuwa bakinsu ɗaya, haramun ne. Wanda ya sa ta a kek kuma ai don ta taɓa hankalin ya sa. Hadisin da Muslim ya ruwaito cewa duk mai bugarwa giya ne, duk giya kuma haramun ce, bai ware abin sha daga abin taunawa ba.

Abin da ya sa ƙauye ya fi shiga haɗari

Duba yadda muke cin abinci. Bayan sallar magariba magidanta su fito da kwanukansu ƙofar gida a yi ciyayya, hannu biyar a akushi ɗaya. Yarinya ta ɗauki kwano rufe da faifai ta kai wa maƙwabciya mai jego. Almajiri ya tsaya a zaure a zuba masa ragowa. Ranar biki a raba alkaki da nakiya da dubulan gida-gida, ranar gayya a kai fura da kunu gona a babban bokiti kowa ya kamfata. 'Yar talla ta bi layi da farantin awara ko kantun riɗi, ɗan shekara huɗu ya miƙa naira hamsin ya karɓa. A duk wannan babu mai tambayar me aka sa a ciki. Amana ce ke riƙe da tsarin, kuma da wannan amanar marar shi yake samun na sawa a baki.

Bature mai cin kek ɗinsa shi kaɗai a ɗakinsa, ya kulle ragowar a kabad. Mu ba mu da abincin da ake kullewa. Duk abin da ya shiga gida mai zaƙi, to na yara ne kafin na kowa.

Na biyu, hayaƙi yana tona asiri. Mai busa wiwi a ƙauye sai ya nemi bayan gari, ko kangon makaranta, ko cikin dawa lokacin da ta yi tsawo, kuma warin na bin rigarsa har gida. Uwa ta gane, mai unguwa ya ji labari, a tsawatar tun abin bai yi nisa ba. Idan ta koma cincin a leda, wannan ƙararrawar ta mutu. Ana iya ci a aji, a mota, a tsakar gida gaban iyaye.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato mata. Binciken 2018 ya ce ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu amfani da kayan maye a ƙasar nan mace ce. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya ratsa gidajen aure a Kano da Jigawa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018 bayan wani binciken BBC. Dalilin da ya sa ya ratsa a bayyane yake: ba shi da hayaƙi, ana juye shi a kwalbar lemo. Macen da ko a mafarki ba za ta kunna taba ba tana iya karɓar yankin kek daga hannun ƙawa a gidan biki, musamman in an ce mata yana sa barci, ko yana buɗe ciki, ko yana yaye damuwa.

Wanda ke ganin wannan hasashe ne ya tuna zaƙami. Shi ma tsiro ne, yana fitowa a juji da bayan gida ba mai shuka shi, kuma ba banza aka yi masa laƙabi da haukata-yaro ba. Sau nawa muka ji an jefa 'ya'yansa a zoɓo ko kunun biki? Duk wanda ya taɓa ganin wanda ya sha ba zai manta ba: baƙin ido ya buɗe fal, jiki zafi rau babu gumi, baki a bushe, yana tsintar abin da babu shi a ƙasa, yana magana da mutanen da ba sa nan. Wasu ba sa tashi. Mugun halin zuba wa jama'a abu a abin sha don a yi dariya, ko don a samu galaba a kan yarinya, ya riga ya zauna a wasu wurare. Wiwi ta ci sabon makami ne kawai za ta miƙa wa masu wannan hali.

Masu cewa a halatta noma fa?

Akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba 'yan tasha ba ne. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya yi ta kira a bar noma ta don magani da fitarwa waje, har ya je Tailan a 2019 ganin yadda suke yi. An kai ƙudirori Majalisar Wakilai, ba su wuce ba, shugaban NDLEA Buba Marwa kuma ya sha bayyana adawarsa da halatta ta ga jama'a. Masu goyon baya suna nuna Lesoto da ta fara ba da lasisin noman magani a 2017, da Maroko da ta yi doka a 2021, suna cewa ana noma ta a ɓoye a dazukan Ondo da Edo da Delta ko an so ko an ƙi, gara gwamnati ta sa hannu ta karɓi haraji.

Hujjar tana da nauyi a takarda. Amma noman magani a waɗancan ƙasashe harka ce ta lasisi mai tsada, da shinge, da ɗakin gwaji, kamfanoni ne ke cin moriyarta. Manomin riɗi a Malam Madori ko na zoɓo a Maigatari ko mai noman rani a Kadawa ba shi ne za a kira ba. Abin da zai iso ƙauyensa shi ne ragowar da ta zurare daga shingen. Ƙasar da ta kasa hana Tiramol yawo a tiren mai shayi da shagon kemis na ƙauye, ban ga yadda za ta iya auna miligiram 10 a cikin cincin ba. Ko da an halatta fitar da man wiwi zuwa waje wata rana, wannan dabam, sa ta a abincin mutane dabam.

Idan abin ya faru a gida

Yaro ko babba ya ci wani abu a biki ko daga hannun baƙo, bayan awa guda ya fara layi, ko barci mai nauyi da rana tsaka, ko firgita da sambatu. Abin da aka saba shi ne a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a turara, a jira. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi ta a kan hanya. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tura masa yatsa don ya yi amai, domin wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙar abin ya tafi huhu. A kwantar da shi a gefe guda, a sassauta masa tufafi, wani ya zauna kusa yana lura da numfashinsa, a yi masa magana a hankali ba tsawa. Ƙaramin yaro, da mai ciki, da tsoho, da mai ciwon zuciya, su ba a jira a ga yadda za ta kasance, asibiti mafi kusa kai tsaye. Haka duk wanda numfashinsa ya ragu, ko yake jijjiga, ko aka kasa tashinsa.

A tafi da ragowar abincin ko ledarsa. A kuma duba su wa suka ci tare da shi, domin na wani yana iya jinkirta tasowa. A gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ake zargi, ko da ɗan gida ne ya kawo abin, saboda yadda ake kula da wanda ya sha zaƙami ya bambanta da na wiwi, kuma ɓoyewa don gudun abin kunya na sa a yi ta neman zazzaɓin da babu shi. Wanda abin ya riga ya zame masa jiki, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau da na Kazaure, da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. NDLEA ma tana da layin kyauta na ba da shawara, 080010203040, wanda iyaye ko shi kansa mai fama zai iya kira ba tare da ya bayyana a ofis ba.